"Gidan Soja Ne": Shirun da Ke Danne Kukan Yara a Karkarar Tasawa

Da hantsi, a wani ajin zana na makarantar boko a karkarar Hawandawaki, malami ya ce yara su ɗaga allunansu. Kowa ya ɗaga da dama. Yaro guda, ɗan shekara takwas ko tara, ya ɗaga da hagu, hannunsa na dama yana cuse cikin riga kamar mai jin sanyi, alhali rana ta fara zafi.

Malam ya matso ya zaro hannun a hankali. Tafin ya saɓule. Ba irin ƙunar da yaro ke samu in ya yi tuntuɓe a bakin murhu ba ce. Wannan ta wanda aka kama wa hannu aka danna ce.

"Wa ya yi maka haka?"

"Faɗuwa na yi, Mushe."

Malam ya san gidan. Uban soja ne, yana can yamma wajen Tillaberi, rabonsa da gari tun kafin shuka. Uwar ta fita. Yaron yana hannun matar uba, a gidan da ƙanen uban ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane. Ya kuma san abin da zai ji in ya tayar da zancen a majalisar ƙofar masallaci: "Malam, rufa wa kanka asiri. Gidan soja ne."

Sai ya aika aka sayo magani a wurin mai tebur, ya ci gaba da darasi.

Wannan kwatance ne, ba labarin wani gida guda ba. Amma duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye, ko ya riƙe ɗakin shan magani, zai gane fuskar yaron nan. Cin zalin yara ba a gidan soja aka fara shi ba. Yana gidan manomi, yana gidan ɗan kasuwa, yana gidan malami. Abin da ya bambanta gidan mai kaki shi ne kaurin shirun da ke zagaye da shi.

Bariki na can, iyali na nan

In an ce "iyalin soja", abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne layukan ɗakuna a barikin Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, da mai gadi a bakin ƙofa. A Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa kusa da iyakar Najeriya, da ƙauyukan Mayahi da ke arewa, ba haka abin yake ba. Iyalin soja a nan gidan gado ne: tsohuwa, 'yan'uwa, matan 'yan'uwa, da matar sojan a ɗakinta a ƙuryar gida tana jiran waya.

Irin waɗannan gidaje sun ƙaru cikin shekara goma da suka wuce, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da Boko Haram ta fara kai hari Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, sojan Nijar bai huta ba. A ƙarshen 2020 gwamnati ta bayyana niyyar ninka yawan sojoji daga kimanin 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Ina za a samo su? A ƙauyuka irin waɗannan, inda gona ta tsuke, ƙasa ta gaji, samari suka yi yawa. Yaron da a da zai tafi cirani Kano ko Agadas ko Libiya, yau yana iya zaɓar kaki, domin albashi ne mai zuwa duk wata.

Kakin ba na soja kaɗai ba ne. Akwai jandarma, akwai dakarun Garde da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, akwai 'yan sanda. A bakin mutumin ƙauye duk abu guda ne: mai bindiga na gwamnati.

Ana tura su nesa, kuma su daɗe. Wani yana Diffa, wani yana yankin iyakoki uku a Tillaberi, wani yana arewacin Tahoua. Ko wanda ya yi sa'a aka bar shi a jihar Maraɗi, cikin rundunar Farautar Bushiya da ke fafatawa da 'yan bindiga a wajen Madarunfa da Gidan Rumji, ba kullum yake kwana gida ba.

Wasu kuma ba su dawowa. A Inates, ranar 10 ga Disamban 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairun 2020, aka rasa 89 a Shinagodar. An yi zaman makoki na ƙasa, an sauke tuta. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne abin da ya biyo bayan takaba. Wata huɗu da kwana goma suka cika, matar ta koma gidansu ko ta yi wani aure, yara suka rabu: wannan ya zama agola, wancan ya zauna hannun baffa, ƙaramar aka kai wa gwaggo riƙo a wani gari. In akwai ɗan haƙƙin da gwamnati ta biya, sau da yawa wurin wanda ya riƙe takardu yake tsayawa, ba lallai wurin wanda ya riƙe yaron ba.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a gane. A yawancin irin waɗannan gidaje, sojan ba ya nan lokacin da abin ke faruwa. Yana tura kuɗi ta Nita ko Amana, yana bugo waya in ya sami layi, a miƙa wa yaro a ce, "Gai da babanka." Yaron ya ce, "Lafiya lau, Baba," mai riƙonsa na tsaye a kansa. Sau da yawa uban ne na ƙarshen ji.

Inuwar kaki

To me ya sa maƙwabci ke yin shiru?

Tsoro na gaba. Ba lallai sojan ya taɓa yi wa kowa barazana ba. Sunansa kaɗai ya isa. Ƙanen da ke riƙe da gida ya iya amfani da wannan inuwa: "Bari yaya ya zo." Mutumin da bai taɓa shiga ofishin jandarma ba sai da kiran tuhuma, yaya zai je can da ƙafarsa ya kai ƙarar gidan abokin aikinsu? A tunaninsa kaki ba ya kama kaki.

Bayan tsoro sai kara. Mutum yana can yana kwana a rami don mu yi barci, mu kuma mu tona wa gidansa asiri? Wannan magana tana da nauyi a zuciyar Bahaushe, kuma ba ta mugunta ba ce. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka karɓi ragama ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, girmama kaki ya zama wani ɓangare na kishin ƙasa. A watan Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo, da yawansu daga cikin jami'an tsaro. Wanda ke son kai kuka game da gidan soja yana iya tarar da wani mai kakin a kan kujerar da magajin gari ke zama a da. Wannan ba ya nufin ba za a saurare shi ba. Amma ƙafa takan yi nauyi tun daga gida.

Sai kuma tuwo. Albashin sojan nan shi ke sayen buhun gero in rumbu ya ƙare a tsakiyar damina, shi ke biyan magani, shi ke yi wa ƙanne aure. Tsohuwar da ta ga tabon bulala a bayan jikanta tana lissafi: in magana ta fita, ɗana zai saki matar, ko ya yi fushi da ƙaninsa, ko manyansa su ji su hana shi girma. Sai ta jawo yaron ɗakinta kwana biyu, ta ba shi fura, ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan, wata rana sai labari."

Matar da ke zaune a bariki kuwa nata lissafin ya fi wannan tsauri. Ɗakin da take ciki na aikin mijinta ne. Maƙwabciyarta matar mai gidan mijinta ce, ko matar yaronsa. In mijin ne da kansa ke dukan yara, ya dawo daga daji ba ya barci, ƙarar faɗuwar kwano tana sa shi zabura, wa za ta gaya wa? In ta kai wa na sama da shi, ta taɓa aikinsa. In ta taɓa aikinsa, ta taɓa bakin 'ya'yanta. A barikokin Najeriya akwai magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ake kai wa irin wannan kuka, kuma a Nijar ma matan jami'an tsaro suna da ƙungiyoyinsu. Suna kashe wuta da yawa. Sai dai aikinsu sulhu ne, kuma akwai abin da sulhu ba ya warkarwa.

Ina horo ya tsaya?

A nan ne gardama take, kuma ba za a kauce mata ba. Binciken ƙasa na 2012 kan lafiya da yawan jama'a, wanda hukumar UNICEF ke yawan kafa hujja da shi, ya nuna cewa fiye da yara 8 cikin 10 a Nijar ana yi musu horo mai tsanani, na duka ko na tsawa da zagi. Ma'ana, in aka ce duk wanda ya ɗaga tsumagiya a kai shi gaban hukuma, ba wanda zai rage a gari, har da mai rubutun nan da waɗanda suka rene shi.

Dattawa za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban, kuma mutanen ƙauye sun san bambancin sarai ba sai wani ya zo daga Yamai ya koya musu ba. Uwar da ta tsula wa ɗanta tsumagiya biyu don ya bar awaki sun shiga gonar mutane, ba wanda zai waiwaya. Amma a sa wa yaro hannu a wuta don ya taɓa tukunya, a ɗaure shi a turke ya kwana, a hana shi abinci yini biyu, a zuba wa yarinya barkono a gabanta, a bar ta da tallan goro har bayan isha a tasha: wannan ko a bakin tsofaffi sunansa mugunta.

Alamun ma ba su da wuyar gani ga mai son gani. Rauni a wurin da faɗuwa ba ta kaiwa, kamar bayan cinya ko cikin hannu. Tabo sabo a kan tsoho. Labarin da ke sauyawa duk lokacin da aka sake tambaya. Yaron da ke ramewa a gidan da sauran yara ke ƙiba. Wanda in an tashi makaranta yake jan ƙafa, ba ya son komawa gida. Yarinyar da ta daina wasa, ta koma fitsarin kwance, ko take gudun wani namiji guda a gidan.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi binnewa. In abin ya shafi lalata da yarinya, musamman in mai laifin na cikin gida ne, maganin da aka saba shi ne a yi mata aure da wuri a rufe zancen. A jihar da binciken 2012 ya nuna kusan 'yan mata 9 cikin 10 ana aurar da su kafin shekara 18, ba wanda zai tambayi dalilin gaggawar. Uban yana bakin daga, sai dai a bugo masa waya a ce an sami miji, ya turo kuɗin gado da katifa.

Yarinyar Hawaii

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka rubuta wannan matsala a takarda ita ce Amurka, kuma ba don gidajen sojanta sun fi na kowa lalacewa ba, sai don ta ƙirga.

Tun 1981 ma'aikatar tsaronta ta kafa wani sashe na musamman mai kula da rikicin cikin gida da cin zalin yara a iyalan sojoji. Duk da haka, a watan Yulin 2005, wata yarinya 'yar shekara biyar mai suna Talia ta mutu a gidajen sojoji a jihar Hawaii, bayan watanni tana shan duka a hannun ubanta soja da matar ubanta. Da aka zo shari'a sai ta bayyana cewa ba a ɓoye abin ya faru ba. Akwai waɗanda suka ji, akwai waɗanda suka gani, maganar ta yi ta yawo a cikin bariki, amma ba ta isa hannun hukumar kare yara ta farar hula ba, wadda ke da ikon ɗauke yarinyar daga gidan. An yanke wa uban ɗaurin rai da rai.

Sai a watan Disamban 2016, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarta, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira da sunanta. Abin da ta ƙunsa a taƙaice: ma'aikacin soja da aikinsa ya haɗa shi da yara, in ya yi zargin ana cutar da yaro, kai maganar ga na sama da shi bai wadatar ba. Dole ta fita daga bariki ta isa hukumar farar hula.

Akwai wani bincike kuma da mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga a 2007, kan iyalan sojojin ƙasa kusan 1,800 waɗanda aka taɓa tabbatar da cin zalin yaro a cikinsu. An gano cewa abin yana ƙaruwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari a lokacin da sojan yake fagen yaƙi, kuma mafi yawan ƙarin sakaci ne daga matar da aka bari ita kaɗai da yara. Ba don ta fi kowa mugunta ba. Nauyi ne ya yi mata yawa, ga fargabar kiran waya.

A can matar kaɗaici ke damunta. A Hawandawaki cunkoso ne: tana cikin mutane ashirin amma ba ta da ta cewa. Hanya daban, amma yaron da ke tsakiya ɗaya ne.

Wani adadi ya fi jan hankalina. Ofishin binciken majalisar Amurka ya ruwaito a 2020 cewa tsakanin 2014 da 2018 an kai rahoton zargi sama da 69,000 a rundunonin ƙasar, kuma waɗanda aka tabbatar ba su kai rabi ba. Wani zai ce to an ɓata wa mutane suna a banza. Ni a ganina akasin haka ne. Tsarin yana aiki ne daidai yadda aka gina shi: mai gani ya faɗi abin da ya gani, mai bincike ya tantance. Malamin makaranta ba alƙali ba ne, ba a kuma nemi ya zama ba.

Ƙofofin da ke akwai

Nijar ba ta rasa doka ba. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. A 1999 aka kafa kotunan yara, aka sabunta dokarsu a watan Nuwamban 2014. Mutane da yawa sun ɗauka alƙalin yara na yaran da suka yi sata ne kawai. Ba haka ba ne. Rabin aikinsa kare yaron da ke cikin haɗari ne, kuma yana da ikon sauya masa wurin zama, ya damƙa shi ga wani dangi amintacce ko wata cibiya. Dokar hukunta laifuka kuma ta tsananta horo a kan wanda ya raunata ƙaramin yaro ko ya hana shi abinci da kulawa, haka ma fyaɗe ga yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba.

A 2019 gwamnati ta fitar da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga ƙauye har zuwa jiha. A ƙauye, kwamitin yakan haɗa mai gari, liman, malamin makaranta, ma'aikacin lafiya, wakilan mata da na matasa. Inda yake da rai, shi ne ƙofa mafi kusa. Sama da shi akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a na sashen kare yara a matakin gunduma, akwai kotu a Tasawa da Mayahi, akwai babbar kotu a Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Tasawa a kan babbar hanyar Damagaram. 'Yan sanda da jandarma duk suna da sassan da aka ware don mata da ƙananan yara.

Matsalar ita ce nisa, da kuma sanin wace ƙofa ce ta wa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a guda yana iya ɗauke da ƙauyuka masu yawan gaske, babur ɗinsa ba mai. Kwamitin ƙauye kuwa, mai garin da ke shugabantarsa wataƙila kawun sojan ne.

Sai batun da ke rikita mutane: ai soja kotunsa daban. Gaskiya ne akwai dokar shari'ar soja ta 2003, akwai kotun soja a Yamai. Amma wannan ta shafi shi mai kakin ne da laifin da ya aikata a bakin aiki ko a harabar soja. Matarsa farar hula ce. Ƙaninsa farar hula ne. Ɗansa yaro ne kamar ɗan kowa, kuma kare shi aikin alƙalin yara ne ko ubansa kofur ne ko kanar. Babu wata doka da ta ce katangar gidan soja ta fi ta manomi tsawo.

Jandarma kuwa, da ake gudun kai musu, su ne masu binciken laifi a karkara, kuma su ne dai doka ta ba aikin binciken sojan da ya yi laifi. Kasancewarsu masu kaki ba ya rage musu wannan iko.

Takarda mafi ƙarfi a duk wannan tafiya tana hannun majo, shugaban asibitin ƙauye. Shi ke ganin rauni da idonsa. In ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, wuri da girma da kwanan wata, ko bayan wata shida aka tayar da maganar akwai abin dafawa. In ya rubuta "ƙuna" kawai ya ɗaure ya sallama, shi ke nan, faɗuwa ce.

Bakin kowa da nasa

Sojoji da kansu ba bakinsu ɗaya ba. Akwai mai ganin duk wanda ya kai maganar gidansa waje ya ci mutuncinsa, ko da gaskiya ya faɗa. Akwai kuma wanda zai ce maka abin da ya fi tsoro a daji ba nakiya ba ce, a'a, ya dawo ya tarar an lalata masa yaro kowa ya sani ban da shi. Irin wannan na biyun, in ka kira shi ka gaya masa, ba zai manta maka alherin ba har abada. Haɗarin kawai shi ne fushinsa. Mutumin da ke riƙe da bindiga, aka gaya masa a waya cewa ƙaninsa ya taɓa 'yarsa, ba a san inda abin zai tsaya ba. Shi ya sa masu aikin kare yara ke fifita a fara tsare yaron a wuri amintacce, a sa hukuma a ciki, sannan a sanar da uban ta bakin wanda yake jin nauyinsa.

Manyan hafsoshi suna da nasu uzurin: ƙasa na cikin yaƙi, ba su da lokacin shiga rigimar kishiyoyi. Amma rundunar tana da sashen lafiya da jin daɗin sojoji, kuma kwamandan da ya san aikinsa ya san cewa sojan da hankalinsa ke gida rabin soja ne. Wanda ya dawo daga daji da ciwon da ba a gani, yana firgita, yana neman ƙwaya don ya runtsa, magani yake buƙata tun kafin hannunsa ya sauka a kan ɗansa.

Sarakuna da malamai sun fi son a gama komai a zaure. Suna da hujja: kotu tana da nisa, tana cin kuɗi, kuma in an gama shari'a mutanen nan dai gari ɗaya za su ci gaba da zama. A kan sakaci, ko dukan da ya wuce kima sau ɗaya, zauren mai gari yakan yi abin da kotu ba za ta iya ba. Liman ya tuna wa mutum amanar maraya, a mayar da yaro hannun kakarsa ta wajen uwa, a sa ido. Amma ƙuna da gangan, karaya, fyaɗe, waɗannan in aka sulhunta su a zaure, yaron aka sayar don manya su ci gaba da gaisawa.

Akwai kuma tsoron ƙazafi, kuma ba tsoron banza ba ne. Uwar da aka saka aka ƙwace mata 'ya'ya tana iya ƙara gishiri. Kishiya tana iya ƙulla wa kishiya. Sai dai maganin ƙazafi bincike ne, ba shiru ba. Misalin abin da shiru ke haifarwa yana Daura, nan kusa, tsallaken iyaka. A watan Oktoban 2019 'yan sandan Najeriya suka fito da mutum sama da 60, manya da yara, daga wani gidan horo a garin, wasu da mari a ƙafa. Gidan ba a daji yake ba. Shekara da shekaru mutane na wucewa ta ƙofarsa.

In malam ya koma aji

Abin da masu wannan aiki ke koya wa malamai da ma'aikatan lafiya ba shi da yawa. Kada ka titsiye yaro da tambaya a gaban 'yan'uwansa. Ka ja shi gefe, ka bar shi ya faɗa da bakinsa, kada ka sa masa suna a baki. Kada ka yi masa alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, domin za ka gaya. Kada ka tafi gidan kai kaɗai ka yi faɗa, domin kana juya baya a kansa za a huce. Ka kai shi asibiti a rubuta. Ka sanar da shugaban makaranta da wani guda a kwamitin kare yara wanda ba dangin gidan ba ne. In abin ya kai na jini ko na lalata, ko kana ganin yaron ba zai kwana lafiya ba, to maganar ta wuce ƙauye, ta jandarma ce da mai gabatar da ƙara a Tasawa, kuma kana iya roƙon a sakaya sunanka.

Ba abu ne mai sauƙi ba ga malamin kwantiragi, baƙo a garin, wanda wataƙila a gidan mai gari aka ba shi ɗaki, albashinsa kuma sai ya yi tafiya kafin ya karɓa. Shi ya sa ba a so ya ɗauki abin shi kaɗai. Mutum uku in suka sa baki, malam da majo da wata dattijuwa da ake jin maganarta, da wuya a ce musu duka munafukai.

Washegari da safe yaron zai dawo aji, hannun a naɗe da tsumma, allon a hagu. A littafin kiran suna, gaban sunansa, akwai ɗan fili da ake rubuta sana'ar uba, kuma a wani shafin akwai lambar wayar da uban ya bari da kansa ranar da ya kawo shi makaranta, ya ce, "Malam, ga amana nan. In wani abu ya taso, ka kira ni."